Mas'uda 'Yar Ladanin Yammedi

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, Allah Ya karɓi ran Hajiya Mas'uda Abdulmutalib, mawaƙiya kuma mai gabatar da shirin talabijin na "Tabarmar Mas'uda". Ta cika a ɗakin mahaifiyarta a Yammedi bayan doguwar jinya, ba ta kai shekara arba'in a duniya ba. An yi mata sutura bayan sallar la'asar. Lokacin cirar gyaɗa ne, rabin gari yana gona, amma da labari ya zaga sai mutane suka ajiye fartanyu suka dawo, wasu ko ƙasar da ke ƙafarsu ba su wanke ba sai wajen alwala.

Ni ce Maijidda, malamar makaranta a Unguwar Hajji ta Karaye. Mahaifiyata da mahaifin Mas'uda ciki ɗaya suka fito, don haka taubashiyata ce. Tun ranar da ta rasu gidajen rediyo suke ta jero waƙoƙinta da lambobin yabon da ta samu. Ban zo in ƙara a kan wannan ba, sun fi ni saninsa. Abin da nake da shi abin cikin gida ne, kuma da ita zan yi maganar, yadda muka saba.

Mas'uda, ban taɓa zaton ni zan rubuta wannan a kanki ba. Ni ce babba, ni ce mai hawan jini, ke ce kullum kike tsokanata cewa ranar da na mutu za ki tara ɗalibaina ki ba su hutu su huta da jan birona. Malama Mai Jan Biro kike kirana ko a gaban baƙi, ni kuma in ce da ke Aku Mai Bakin Magana. Haka muka tashi, ba ma iya gaisawa sai da zolaya.

Duk hutun makaranta a Yammedi nake yinsa. A wancan zamani mahaifinki, Kawu Abdulmutalib, shi ne ladanin masallacin unguwarku, kuma duk wanda ya ji shi bai manta ba. Ba lasifika a lokacin, amma idan ya ɗaga murya da azahar, mai noma a can bayan rafi yakan ajiye garma ya nufo gari. Muryar tana da faɗi, tana da sanyi, ba ya yi mata dole, kamar fitowa take da kanta. Ke kuwa kina 'yar mitsitsiya sai ki laɓe bayan rumbu, ki sa yatsu a kunne, ki kwaikwaye shi har da yadda yake jan ƙarshen kalma. Mahaifiyarki, Inna Turai, ta biyo ki da muciya tana cewa wa ya taɓa ganin mace tana kiran salla. Kawu yana zaure yana jin ku, sai dai ya yi murmushi ya ce a bar ki, ai gado ne.

Da muka tafi Kano kwalejin koyon malanta, babu wanda ya yi tunanin waƙa, har ke. Wata ƙawarmu ce yayanta yake da situdiyo, ranar nan yarinyar da za ta yi masa amshi ba ta zo ba, aka roƙe ki ki rufa musu asiri. Na raka ki. Na tuna kin tsaya gaban makirfo kina tambayata ko mayafinki ya zauna daidai, kin manta ba ganin ki za a yi ba. Da kika buɗe baki, mai kiɗan ya ɗauke hannu daga fiyano ya juyo yana kallon ki. Ba a shekara ba kika fitar da taki ta kanki, "Bakin Dam", waƙar budurwar da saurayinta ya tafi ci-rani ya bar ta tana zuwa gaɓar Challawa da yamma tana duban hanya. Kin san yadda ta bazu. A tashar Karaye kowace mota ita take sawa, haka shagon aski, haka gidan biki daga nan har Rogo. 'Yan mata suka haddace ta, tsofaffi suna yi musu faɗa, su kuma in sun shiga ɗaki su rera ta a hankali.

Murnar ba ta daɗe ba. Wasu dattawan unguwa suka sami Kawu a zaurensa, suka ce ba ya kyautuwa a ce muryar uba tana kiran mutane masallaci, ta 'yarsa kuma tana tara su wajen rawa. Suka ce ko dai ya hana ki, ko ya fito fili ya ce ba ruwansa da ke. Kawu ya nemi su ba shi lokaci. Ya aro rediyo mai kaset, shi da bai taɓa zama sauraron waƙar zamani ba, ya saurare ta daga farko har ƙarshe, ya maimaita. Da suka dawo ya ce musu bai ji zagi a ciki ba, bai ji batsa ba, kuma ba zai tsine wa 'yarsa a kan abin da a wurinsa ta samo ba. Ba duka jama'a suka goyi bayan dattawan ba, da yawa suna tare da shi, kuma nan ne abin ya fi yi masa nauyi. Masallaci ya fara rabuwa, wasu suka koma salla a wata unguwa, maƙwabta suka daina gaisawa. Wata Juma'a bayan an idar da la'asar ya miƙe ya ce ya sauka daga ladanci, a naɗa wani, shi dai kada a raba sahu saboda gidansa. Bai fi shekara hamsin ba a lokacin, muryarsa tana kan ganiyarta.

Tare muka taho daga Kano da kika ji labari. Muka tarar da shi a tsakar gida yana gyaran igiyar awaki. Kika durƙusa a gabansa, ko takalmi ba ki cire ba.

"Baba, na bari. Wallahi daga yau ba zan sake ba. Ka je ka gaya musu."

Bai ɗago ba sai da ya ƙulle igiyar. Ya ce, "Tashi, Mas'uda. Ni na riga na sauka, kuma ba zan koma in raba mutane karo na biyu ba. Idan ke ma kika bari, an yi asarar biyu ke nan a gida ɗaya. Abu uku kawai nake so. Kada ki zagi kowa a waƙa, kada ki yi wa mai mulki kirari, kuma ki gama karatunki."

Kin riƙe ukun nan har kika koma ga Allah. Na ga lokacin zaɓe yadda manyan motoci suke jeruwa a ƙofar gidanki, na ga yadda kike sa a kai musu ruwa da lemo, ki fito ki gaishe su da ladabi, ki ce Babanki ya hana. Wasu abokan sana'arki sun ce girman kai ne. An daina gayyatar ki wurare da dama saboda haka, kuma na san abin ya taɓa ki, don ba dutse ba ce ke. Amma ban taɓa jin kin yi nadamarsa ba.

Abin da ya zauna miki a rai shi ne na Kawu. Mutane suna ganin ki a fosta kina dariya, ba su san cewa duk zuwan da za ki yi Yammedi, da an fara kiran salla sai maganarki ta yanke ba. Sabon ladanin mutumin kirki ne, ba ki da komai a kansa, amma sai ki sunkuyar da kai har ya gama. Kawu kuwa ya ɗauki butarsa ya tafi ya bi sahu kamar kowa, bai taɓa fashi ba, bai taɓa ɗaga maganar ba. Sau da yawa na ce miki tun da shi ya haƙura, ke ma ki haƙura. Sai ki ce haƙurin nasa ne ya fi damun ki.

Bayan aurenki da Nuruddeen da haihuwar Siddiqa kika rage fita wasa. A nan ne wani gidan talabijin a Kano ya nemi ki gabatar musu da shiri. Su abin da suke so shi ne ki zauna a kujera mai laushi kina hira da 'yan fim da mawaƙa. Kika ce su ba ki mota da mai kyamara, kujerar su riƙe abarsu. Kika sayi tabarmar kaba a kasuwar Karaye, kika fara shiga ƙauyuka, ki shimfiɗa ta a tsakar gidan mutane ki zauna da su.

Gaskiya farkon shirin bai yi kyau ba, kuma na gaya miki a lokacin, kika yi fushi da ni har kika daina ɗaga wayata. Kin saba a saurare ki, ba ki saba sauraro ba. Ki yi tambaya, kafin a amsa kin amsa wa kanki, ki kawo labarinki, wani lokaci har ki ɓarke da waƙa. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli a wajen Rogo ce ta yi maganin abin. Tana cikin ba ki labarin yadda ta aurar da 'ya'yanta da sana'ar nan kika katse ta, sai ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ki ta ce, "Yarinya, ji kika zo yi ko faɗa? In faɗa ne, bari in gama tuyata tukuna." Masu aikinki suka ce za a yanke wurin. Kika ce a bar shi, kowa ya gani. Daga ranar kika koyi yin shiru, kuma shirun nan shi ya ɗaga shirin. Masunta na bakin dam, ungozoma, masu noman rani, matar da mijinta ya kwanta ciwo ta karɓi garma, malamin allo da ya makance bai daina karantarwa ba, duk sun zauna a tabarmar nan sun faɗi abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba.

Akwai ranar da na bi ki aiki. Matar da za a yi hira da ita ta ga sarƙarki da leshinki, sai ta kasa magana, tana ta jan bakin zanenta tana rufe ƙafa. Kika tashi kika shiga ɗakinta, kika roƙe ta aron atamfa, kika fito da ita a jikinki, koɗaɗɗiya, ta yi miki kaɗan. Matar ta yi dariya har da hawaye, daga nan hira ta buɗe. Wata kuma ta ce mijinta bai yarda a nuna fuskarta ba. Ba ki yi musu ba, ba ki ce za ki je ki wayar masa da kai ba. Kika ce a ɗauki hannuwanta kawai tana saƙar faifai tana magana. Har yau mutane suna tuna wannan shirin fiye da waɗanda aka ga fuska.

Ba zan ce ba ki da aibi ba, don kin san ba zan iya ba. Ba ki taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba. Kina da saurin fushi, in ranki ya ɓaci ba kya zaɓen kalma, masu aikinki sun sha kuka da ke. Sai dai ba kya kwana da abu, washegari ke ce za ki fara zuwa ba da haƙuri, ko da wanda kika yi wa faɗan direba ne, kuma a gaban mutanen da kika yi faɗan za ki ba da shi.

Shirin ya sauya yadda ake kallon ki a gida. Waɗanda a da ba sa son a ambaci sunanki suka koma taruwa a shagon mai caji don su gan ki, suna cewa 'yarmu ce. Da ladanin da aka naɗa ya ƙaura, sai jama'ar masallaci suka tako zauren Kawu, cikinsu har da waɗanda suka rage daga dattawan farko. Suka ce abin da ya wuce ya wuce, ya dawo ya karɓi aikinsa. Ya yi ta kawo uzuri, suka matsa, ya ce to zai gwada. Ni na buga miki waya, kika bar ɗaukar shiri a tsakiya kika kamo hanya.

Muna tsakar gida ni da ke da Inna Turai lokacin da azahar ta yi. Yanzu akwai lasifika, don haka komai ya fito sarai. Ya yi kabbara ta farko, muka gane muryar, kika kama hannuna kika matse. Amma da ya zo inda yakan ja, numfashi ya gaza masa. Muryar ta karye, tari ya biyo, muna ji ta lasifika. Ya dakata, ya sake ɗauka a ƙasa-ƙasa, ya lallaɓa ya kai ƙarshe. Shekaru kusan goma sha biyar na shiru, ga tsufa, ga ciwon ƙirji, sun tafi da ita. Da aka idar ya gode wa jama'a, ya ce su ba wa yaro mai ƙarfi.

Ya shigo gida ya tarar kina kuka. Kika ce, "Baba, ni na cinye maka shekarun nan."

Ya zauna a bakin turmi yana haki. Ya ce, "Ba ke kika ba ni muryar ba, ba ke kika karɓe ba. Ni dai na so a ce kin ji ta yau yadda take da. Shi ke nan abin da na so."

A hanyarmu ta komawa Karaye kika gaya mini abin da har yau yake ci mini rai. Kika ce kin ɗauki muryar tsofaffi ba adadi, kin adana ta har jikokinsu za su ji, amma kiran sallar mahaifinki na lokacin ƙuruciyarsa babu shi a ko'ina, ko a kaset ɗaya. Ba wanda ya yi tunanin ɗauka, saboda kowa yana ganin gobe ma za a ji. Kika ce Siddiqa za ta girma tana jin ana cewa kakanta yana da murya, ba za ta taɓa sanin me ake nufi ba.

Ciwonki ma haka ya zo, da jinkiri. Kin ji ƙullutu a mamanki tun ana tsakiyar ɗaukar shiri, kika ce sai an gama zangon. Aka gama, kika ce sai bayan azumi. Bayan azumi damina ta kawo kai, kina son a shiga wasu ƙauyuka kafin hanya ta ɓaci. Ba ki gaya wa Nuruddeen ba, ba ki gaya wa Inna ba. Ke da kika zaunar da ungozoma da likitoci a tabarmarki, kika sha gaya wa mata kada su ɓoye ciwo, ke ce kika ɓoye naki fiye da shekara. Ranar da kika faɗa mini muna zaune a motarki a bakin dam da yamma, kin riga kin je asibiti, an riga an ce ciwon daji ne kuma ya yi nisa. Na tambaye ki me ya sa. Na ɗauka za ki ce aiki ne ya yi yawa. Kika ce, "Tsoro nake ji, Maijidda. Muddin ban je ba, ba a ce komai ba." Rana ta farko ke nan da kika kira ni da sunana ba tare da tsokana ba, kuma na so a ce ba ki yi ba.

An yi aiki, an yi ta ƙarin magani, gashinki ya zube, jikinki ya zabge. Nuruddeen ya ajiye kasuwarsa ya zauna da ke, Allah Ya saka masa. Gidan talabijin suka ba da shawarar a ce kin tafi hutu. Kika ce a'a, shiri ɗaya ya rage miki. Aka shimfiɗa tabarmar a falonki, kika zauna ke kaɗai ba baƙo, ba kwalliya, kika faɗi sunan ciwon da bakinki, kika faɗi inda yake, abin da mace ba ta saba faɗa a bainar jama'a ba. Kika ba da labarin jinkirinki ba tare da kin kare kanki ba. Kika ce duk wadda ta ji wani abu a jikinta, kada ta jira kaka, kada ta jira a gama biki, ta tashi gobe. An sami masu cewa kin yi rashin kunya. Wannan karon ba ki ma ji su ba, ƙarfinki ya riga ya ƙare.

Da likitoci suka ce sai addu'a, kika nemi a kawo ki Yammedi. Makonninki na ƙarshe a ɗakin Inna kika yi su, Kawu yana zaune a bakin ƙofa da carbi, Siddiqa tana yi miki fifita. Kin nemi gafarar kowa, har yaran da kika taɓa yi wa tsawa. Kalmar shahada ce ƙarshen abin da aka ji a bakinki.

Ranar addu'ar uku, muna zaune da mata a tsakar gida, wata mata ta yi sallama. Ba wanda ya san ta. Ta ce sunanta Maiturare, daga Beli take, a kan babur ta zo. Ta gaishe da Inna, ta yi ta'aziyya. Can ta ce ita ma ta daɗe tana jin abu a jikinta tana ɓoyewa, tana shafa magani a ɗaki. Ta ga shirin nan na ƙarshe a wayar ɗanta, washegari ta sa mijinta ya kai ta asibiti. An yi mata aiki, likita ya ce ta zo da wuri. Ta ce ta so ta zo ta gode miki tun kina da rai, sau biyu tana shiryawa wani abu yana hana ta, ta ce bari a cire gyaɗa tukuna. Ta dubi ƙofar ɗakin da kika kwanta ta ce, "Inna, ni ta tashe ni na je a kan lokaci, ga shi godiyar ma ban kawo mata a kan lokaci ba." Inna Turai ta jawo ta jikinta, ta ce ta zauna ta ci abinci, godiya ta iso.

Ya Allah, ga baiwarKa Mas'uda 'yar Abdulmutalib ta zo gare Ka. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshenta wajen tambaya. Duk wadda ta rayu ta dalilin maganarta, Ka rubuta mata ladan, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kawu Malam Abdulmutalib da Inna Turai, waɗanda suka binne 'yar da suke sa ran ita za ta binne su. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi wanda kuka saba yi. Ina yi wa mijinta Alhaji Nuruddeen ta'aziyya, da 'yarta Siddiqa, Allah Ya raya ta, Ya albarkace ta, Ya zama gatanta. Haka 'yan'uwa da abokan aikinta, da jama'ar Yammedi da Karaye da Rogo, da duk gidan da ta taɓa yin sallama aka ce mata ta shigo.

Ni kuma, Mas'uda, na yafe miki duniya da lahira, ke ma na san kin yafe mini. Allah Ya jiƙan ki, Ya kyauta namu ƙarshen, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. Amin.